Kunnen Likita

Mu mazauna Zangon Agege hanyoyin neman magani uku gare mu: akwai wanzami, akwai mai saiwa a bakin kasuwa, akwai kuma asibiti. Yawancin mutanenmu sai sun gama da biyun farko sa'an nan su tafi na ukun. To, in sun je, likita ya kan saurari labarin da su ka zo da shi?

Lokacin hutu maƙwabta su kan ɗauke ni tafinta, don ina jin Turanci. Na lura likita ya kan karɓi abin da ke cikin littafinsa, da abin da awon jini ya nuna, ba musu. Amma in tsohuwa ta ce ta ba jikanta jiƙo, sau da yawa tsawa ce ke biyo baya. Gobe kuwa ba za ta faɗa ba. Sai likita ya ɗora magani bisa wani maganin da bai san an sha ba, yaro shi ke shan wahalar wannan shiru.

Manyan likitocin ƙasar nan ba haka su ka yi ba. Ga Likita Oguntola Sapara na Ikko, wanda ya rasu a 1935. Ya yi karatunsa a Ingila, amma da agana ta dami jama'a bai tsaya ga littafi kaɗai ba. Ya shiga ƙungiyar masu tsafin agana, watau Shopona, a ɓoye, ya gano waɗansunsu su ke baza ciwon da gangan. Ya kai wa Gwamnati labari, aka hana tsafin. Duk da haka bai raina itatuwan Yarbawa ba, ya yi ta bincikensu.

Ga kuma Likita Adeoye Lambo na asibitin Aro, kusa da Abeokuta, inda jirgin ƙasa ke bi in ya bar Agege ya nufi Arewa. Daga 1954 ya riƙa saukar da masu taɓin hankali a ƙauyukan kewaye tare da danginsu, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, don su su ka san abin da majinyaci ke tsoro. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ɗaya ya saurara ya kama mugunta, ɗaya ya saurara ya sami mataimaka. Ba wanda ya gaskata kome sai da ya jarraba, ba kuma wanda ya ƙi magana don mai ita ba ya karatu. A ganina haka ya kamata.

Mu ma akwai namu. Jama'a, in mun kai marar lafiya, mu faɗi duk abin da ya sha, ko za a yi mana faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Allah ya ba mu lafiya, amin.