Ginin da Ruwa Yake Shiga da Ƙafar Mota

Cikin gine-ginen da nake nazari, babu wanda nake tausaya wa kamar gidan ajiye motoci mai hawa-hawa. Ofis yana da bango da taga. Shi kuwa a buɗe yake, rana ta gasa shi, ruwa ya shige shi. A Kanada da arewacin Amurka, inda ake barbaɗa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, kowace mota tana shigo masa da gubarsa a tayoyinta.

Kankare gwanin jure danniya ne, amma idan aka ja shi, ƙarfinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, sai ya tsage. Injiniyan Faransa Eugène Freyssinet, wanda ya yi rajistar dabararsa a 1928, ya ce a matse shi tun kafin nauyi ya hau. Ana shimfiɗa igiyoyin ƙarfe masu sili bakwai cikin rigar roba mai giris, a zuba kankare, idan ya yi ƙarfi a ja su da jak, a ɗaure bakinsu. Kamar ka jera bulo ne ka matse su tsakanin tafukanka: za ka ɗaga su gaba ɗaya. Ribar ita ce ƙarancin tsaga da ƙarancin ginshiƙai.

Sai dai igiyar da take a ɗame ba ta yafe tsatsa. Shi ya sa idan aka miƙo mini zane, ruwa nake fara bi da ido. Shin daɓen yana da gangara, kamar kashi 2 cikin 100, zuwa magudana? An rufe bakin igiyoyin ruf? Kankaren da ya lulluɓe ƙarfen yana da kauri, ba a cika masa ruwa wajen kwaɓi ba? An bar wa daɓen sararin tsukewa, ko katangu sun riƙe shi har ya tsage?

A 2012, rufin ajiye motoci na kasuwar Algo Centre a Elliot Lake, Kanada, ya rufta, mata biyu suka rasu. Ba da wannan dabara aka gina shi ba, amma abin da ya ci shi ɗaya ne: shekaru ana yoyo, ruwan gishiri yana cin mahaɗar ƙarfe. Mai irin wannan gini ya ware kuɗin wanke daɓe da toshe tsaga duk shekara, tun ran da aka miƙa masa makulli.