Hatserim, ƙauyen da ake shayar da shuka da ɗigo

Wanda ya taso daga Tal Abib ya nufi kudu, bayan tafiyar awa ɗaya da ƴan kai sai ya ga ƙasa ta soma sauya launi, itatuwa suna raguwa, har ya iso Birsheba, ƙofar hamadar Negeb, wadda Larabawa ke kira Naƙab. Tsohon gari ne, mutanen wurin suna cewa nan Annabi Ibrahim ya gina rijiya. Ruwan saman da ke sauka a shekara wajen milimita 200 ne, watau bai kai rabin abin da Maraɗi ke samu ba, ga shi kuma da ɗari yake zuwa. Da na sauka can a shekarar 2019 ban ji baƙunta ba, domin ƙurar irin tamu ce, ranar ma haka. Abin da ya zame mini baƙo shi ne ganyen da na riƙa gani shar a tsakiyar wannan faƙo.

Kilomita 8 yamma da Birsheba akwai ƙauyen Hatserim. Irin ƙauyukan nan ne na gama kai da suke kira kibuts, inda gona da kayan aiki da riba duka na jama'a ne. An kafa shi a 1946, kuma waɗanda suka fara zama sun sha wuya, saboda ƙasar gishiri ya cinye ta.

Wani injiniyan ruwa haifaffen Polan, Simcha Blass, shi ne ya sauya musu rayuwa. Ana ba da labari cewa tun wajen 1930 da ƴan kai ya lura da wani itace da ya fi ƴan uwansa girma alhali ba wanda ke ba shi ruwa. Da aka tona, ashe wani bututu ne ke yoyo a gindinsa. Abin da kowane mai famfo zai kira ɓarna, shi sai ya riƙe shi a rai shekara da shekaru, har roba ta yi araha ya sami abin ƙera tunaninsa. A 1965 ya ƙulla yarjejeniya da mutanen Hatserim, aka kafa kamfanin Netafim.

Na daɗe ina jujjuya abin a hannuna. Tiyo ne baƙi, siriri, an dasa masa ƴan ƙananan robobi daga ciki, jere da jere. Da rami kawai aka huda, da ruwan ya yi tsartuwa a kusa da famfo ya ƙafe a nesa. To, a cikin kowace roba akwai wata hanya mai kwana-kwana kamar lungunan Birnin Damagaram, ruwa ya bi ta yana karo da bango har ƙarfinsa ya karye, sa'an nan ya fito ɗis, ɗis, lita ɗaya ko biyu a awa, daidai kan saiwa. Ba a jiƙa fili don ciyawa ta samu, rana ba ta shanye rabon shuka, ana kuma iya narka taki a aika shi ta wannan hanya. Mu da a garka sai mun ga fangali ya cika ya yi ƙyalli kafin hankalinmu ya kwanta, wannan gona sai mu ce ba a shayar da ita ba, don samanta a bushe yake. Sai na tura yatsa na ji danshi.

Ruwan kansa, galibi ba na sama ba ne. Isra'ila tana tace sama da kashi 80 cikin 100 na ruwan da birane suka yi amfani da shi ta maida shi gonaki, kuma wanda aka tace kusa da Tal Abib shi ake turowa Negeb ta manyan bututai. Yau kayan Netafim sun kai ƙasashe fiye da 100, daga Indiya zuwa Kenya da Birazil, sun kuma ba ƙananan manoma da yawa damar girbi da rani. Amma kada mai karatu ya ɗauka sadaka ce: a 2017 wani kamfanin ƙasar Meziko ya sayi kashi 80 cikin 100 na Netafim a kan kimanin dalar Amurka miliyar ɗaya da rabi.

Akwai kuma abin da ido ba zai ƙi gani ba. A hanyar da ta fita gabas da Birsheba na wuce rugagen Larabawa makiyaya masu rufin kwano, ƙauyukan da gwamnati ba ta amince da su ba, inda mutane da yawa ke jan ruwa daga nesa ko su saya a tanki. Daga Hatserim zuwa Gaza ba a kai kilomita 50 ba, kuma tun kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya rusa hanyoyin ruwanta, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan ƙarƙashin ƙasar wurin bai shayuwa. Ƙasar da ta koya wa duniya tattalin ɗigo, a ganina tana da tambayar da za ta amsa game da rabon randa.

Mu a Nijar mun san wannan tiyo. A 2001 wani masanin noma daga jami'ar Birsheba, marigayi Dov Pasternak, ya zo cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, ya kuma ci gaba da aikinsa ko bayan da ƙasarmu ta yanke hulɗa da Isra'ila a 2002. Ya sauƙaƙa dabarar don talaka: a ɗora tanki bisa tudu kamar mita ɗaya, nauyin ruwa kaɗai ya tura shi cikin garka mai murabba'in mita 500, ba inji, ba lantarki. Shi ne kuma ya yaɗa auren magaryarmu da ta Indiya, wadda ƴaƴanta ke yin girma har ake kiranta tuffar Sahel, ya kuma yi aiki da ƙungiyoyin mata wajen raya faƙo da zogale da kuɓewa. Inda aka sami horo da kasuwa da mai kula, garake sun tsaya da ƙafafunsu. Inda aka raba kaya kawai masu aikin suka tafi, laka ta toshe ramukan, tiyo ya koma igiyar ɗaure darni.

Da na dawo gida, na kai wa kawuna guntun tiyon da aka ba ni, a garkarsa ta bakin Gulbi inda ya shekara talatin yana jan wasaki. Ya saurari labarina duka, ya ɗaga robar ya duba ta a hasken rana, ya hura ta.

"Ɗana, in ta toshe, wa ke gyara?"

Na ce masa akwai matacin da ake sawa a bakin tanki, a riƙa wanke shi kullum. Ya tambayi inda ake sayar da matacin a Maraɗi, da kuɗinsa, da tsawon da zai ishi fangali goma na tumatir. Na ce zan bincika masa ran kasuwa. Ya naɗe guntun ya sa a aljihu, ya koma bakin rijiya.