Lindisfan: kangon gidan ibada a bakin teku

A arewa maso gabashin Ingila akwai wani ɗan tsibiri, sunansa Lindisfan. Sau biyu kowace rana ruwan teku yana rufe hanyar zuwa can. Sai ya janye mutane su ƙetare.

A shekarar 635 wani malamin Kirista, Aidan, ya kafa gidan ibada a tsibirin. Mazauna gidan ba su aure. Aikinsu addu'a, noma, kiwo da rubutu. A kan fatun maruƙa suka rubuta wani babban littafin Linjila, wanda yake ajiye a Landan har yau.

A 793 mahara suka zo cikin jiragen ruwa, suka kashe mutane, suka kwashe dukiya. Daga baya malaman suka ƙaura da littafinsu. Wajen 1150 aka gina sabuwar majami'a ta dutse. A 1537 Sarki Henri na 8 ya rufe gidan, ya zama kango.

Ginin farko na itace ne, ya ɓace. Daga 2016 masu bincike suka haƙa ƙasa, suka tarar da kaburbura da duwatsu masu sunayen mamata. Itace ya ruɓe, amma abin da aka rubuta ana karanta shi har yanzu.