Ga Mai Son Ƙarasa Kwanansa a Ƙasa Mai Tsarki

Tun da daji ya ɓaci mana a Birnin Gwari, wata magana ta yawaita a bakin tsarana: a sayar da gona, a tafi Umara, a yi zama can har Allah Ya karɓi abinSa. Ba na ganin laifin wanda zuciyarsa ta raya masa haka. Mutumin da ya ga ta'asar da aka yi a Gwaska a 2018, ya yi shekaru ba ya bin hanyar Kaduna sai da rakiyar soja, gonarsa ta bakin dajin Kamuku ta koma sarƙaƙiya, dole ya yi marmarin ƙasar da zai yi barci da minshari. Ga kuma kwaɗayin a binne mutum a Baƙi'a, wanda babu musulmin da zai ce ba ya so.

Abin ma gado ne. Kakanninmu sun bi ta Barno da Wadai da Darfur a ƙasa, suna noma suna tafiya, wasu su isa Makka bayan shekaru, wasu su kafa gida a hanya. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, har yau kuma garin Mai Wurno yana nan a bakin kogin Nilu a Sudan. A wancan zamani ƙafarka da guzirinka da shedar mutanen kirki sun isa. Yau takarda ce ke magana, ita kuwa ba ta san furfura ba.

Ina saurayi na fara ganin haka. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Akwai wani dattijo ɗan unguwarmu, bafataken goro, da ya manyanta a zangon Kumasi, ya yi aure can, ya gina gida. Ya dawo mana a bayan babbar mota da akwatin ƙarfe ɗaya, ga makullin gidan rataye da zare a wuyansa. Idan ana hira sai ya riƙa juya shi a hannu. Bai taɓa sata ba, ba ya faɗa da kowa, maƙwabtansa Asantawa har kuka suka yi masa. Takardar da bai ɗauka da muhimmanci ba ita ta raba shi da gumin rayuwarsa. Mu ma a Janairun 1983, zamanin Shagari, mun yi wa mutanen Gana irin wannan kora, sama da mutum miliyan ɗaya suka fita. Ko yarjejeniyar ECOWAS da muke taƙama da ita, kwana 90 kawai ta ba baƙo ya zauna ba biza. In zai wuce haka sai ya nemi izini.

To balle Saudiyya. Bizar Umara ta ziyara ce, zamanta ba ya wuce kwana 90, kuma idan aikin Hajji ya gabato hukuma kan sa ranar da kowane mai Umara zai fice. Wanda ya maƙale ya zama takari. A sanarwar ma'aikatar cikin gidansu ta 2025, wanda ya wuce wa'adin bizarsa zai iya fuskantar tarar da ta kai riyal 50,000, da ɗaurin da ya kai wata shida, sannan a koro shi. Tun a filin jirgi an ɗauki zanen yatsunka da hoton fuskarka, don haka sake suna da sabon fasfo, dabarar da aka yi ta yi a da, ba ta ƙara ci. An yi afuwa a 2013 da 2017 don marasa takarda su fita salin-alin, amma afuwar fita ce ko gyara takarda, ba kyautar zama ba.

Zama na halal sai da igama, wato takardar izinin zama, ita kuma a kan dalili take tsayawa: aiki a ƙarƙashin kafili, ko karatu irin na ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina, ko zama ƙarƙashin wani naka mai igama. Ɗa mai aikin da doka ta yarda zai iya nema wa iyayensa bizar ziyarar iyali, a riƙa sabuntawa, ita ma tana da iyaka. A 2019 sun buɗe wata igama ta masu hali wadda ba ta buƙatar kafili: riyal 800,000 a biya sau ɗaya, ko 100,000 duk shekara. Na farkon ɗaruruwan miliyoyin naira ne a canjin yau. Gonar wa za ta biya wannan a Randagi ko Dogon Dawa? Tsufa shi kaɗai ba ya cikin dalilan da ake ba mutum zama, duk wani ejan da ya ce maka “kai dai ka shiga, sauran mu ne” kuɗinka yake so.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne halin tsoho marar takarda idan ciwo ya zo. Wata 'yar'uwarmu ta tafi da ƙarfinta, ta yi shekaru tana sayar da tsabar tattabaru a kusa da Harami, in ta hango askarawa ta naɗe tabarma ta shige lungu. Ciwon suga ya kama ta, tana tsoron zuwa asibiti kada a tambayi igama. Daga ƙarshe aka kama ta, ta yi zaman gidan tarhili na Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a koro, tsakanin Jidda da Makka, aka sako ta jirgi. Da silifa da jakar leda ta sauka Kano, ƙafa a kumbure. Gidan da za ta koma kuwa tun kafin ta tafi ta sayar. Har ta rasu a ɗakin ƙanenta take, tana cewa abin da ya fi damunta ba ta ƙara ganin Ka'aba. Yaran da ake haifa wa irinsu a can nasu ya fi muni: haihuwa a Saudiyya ba ta ba ɗan baƙo zama ɗan ƙasa, makaranta ta gagara, in an koro su Najeriya su zo ba su san kowa ba.

Ni a ganina ibadar da aka gina a kan ɓuya da ƙarya ga hukuma ba ta da natsuwa. Wanda ya je da izini ya dawo a kan lokaci, ƙofa a buɗe take gare shi baɗi. Wanda aka koro ya rufe ta da hannunsa na shekaru masu yawa, mu kuwa shekarun nan su ne ba mu da tabbacinsu.

Tun sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla da 'yan bindiga a Nuwamban 2024 aka sake buɗe kasuwar Kara, motocin shanu suka dawo, mutane suka fara leƙa gonakin da suka bari. Allah Ya ɗorar da shi. 'Yan'uwana dattawa, kada ku sayar da gona ko gida don tafiyar da ba ku riƙe takardar zamanta ba. Ku kuma 'ya'yanmu masu karatun boko da na Larabci, kafin mahaifinku ko mahaifiyarku su hau jirgi, ku karɓi bizar ku karanta musu, ku faɗa musu ranar fita, ku tabbata tikitin dawowa yana hannunsu.