Harafi Ɗaya Cikin Jini

Duk wanda ya taɓa duba littattafan yara ya san ɓarnar da harafi ɗaya ya ke yi. Yaro ya rubuta "kafa" inda ya ke nufin "ƙafa", ko "baki" maimakon "baƙi", nan da nan magana ta juya. To, jama'a, akwai wani littafi da ke cikin jikin kowanenmu, wanda ba mu muka rubuta shi ba, ba kuwa mu da jan alƙalamin gyara shi. Kuskuren harafi ɗaya tak cikinsa shi ne asalin ciwon nan da a ke kira sikila, wasu su ce amosanin jini. Ciwon yana cikin gidanmu, shi ya sa na ke so in faɗi abin da na fahimta game da shi.

Jikin mutum ginin 'yan ƙananan ɗakuna ne, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Mu muna ce musu ƙwayoyin halitta. Wani Baturen Ingila, Robert Hooke, shi ya fara ba da labarinsu a 1665, sa'ad da ya duba ɓawon itace ya ga ramuka jere kamar saƙar zuma. A tsakiyar ƙwaya akwai littafin umarni da a ke kira DNA, an rubuta shi da haruffa huɗu kaɗai, A da C da G da T, amma tsawonsa ya kai haruffa wajen miliyan dubu uku. Ƙwaya tana karanta haruffan uku uku, kowane uku kuwa suna ne na wani zobe da za ta ƙulla cikin sarƙa. Sarƙar nan in ta naɗe ita ce furotin, furotin kuwa su ne ma'aikatan jiki.

Ma'aikacin da ya dame mu a nan sunansa himogulobin. Shi ya ke ba jini launin ja, shi ne kuma ɗan dakon da ya ke ɗauko iskar oksijin daga huhu ya kai ta ko'ina. Sarƙoƙi huɗu ne a haɗe, biyu a na ce musu alfa, biyu beta. Sarƙar beta zobba 146 gare ta. A wurin zobe na shida, littafin yawancin mutane ya ce GAG, na mai sikila kuwa ya ce GTG. Shi ke nan bambancin. Amma GAG yana kiran zoben gulutamik, wanda ya ke jituwa da ruwa, GTG kuwa yana kiran balin, wanda ya ke gudun ruwa kamar man gyaɗa. Tun da cikin ƙwaya duk ruwa ne, sai balin ya nemi inda zai ɓoye kansa. Da ɗan dakon ya sauke iskarsa, sai wani ɗan lungu ya buɗe a jikinsa, balin na maƙwabci ya shige ciki ya maƙale. Wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, har su zama dogayen tsinkaye masu tauri kamar na tsintsiya.

Jar ƙwayar jini mai lafiya kamar waina ta ke, mai taushi, tana iya lanƙwashewa ta wuce ta jijiyar da ta fi ta ƙunci. Wadda tsinkayen nan suka cika kuwa sai ta miƙe ta kantare kamar lauje. Ta zo ƙaramar jijiya ta tokare, na bayanta su taru, naman da ke gaba ya rasa iska. Ga shi kuma ba ta da tsawon rai: mai lafiya tana kwana wajen 120, ita kuwa 10 zuwa 20. Daga nan ne ƙarancin jini da ɗorawar ido su ke fitowa.

Ƙanwata da ita aka haife ta. Na tashi ina ganin uwarmu tana ɗumama ruwa da tsakar dare lokacin hunturu, tana gasa mata ƙafafu, yarinya tana cizon matashin kai don kada ta tashe mu. Maƙwabta kowa da nasa bayani: wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce iska, wata tsohuwa ma ta ce a bincika cikin dangi. A makarantar mishan da na yi an hana mu yarda da zancen maita, aka ce mu yi addu'a mu tafi asibiti, haka kuwa muka yi. Amma babu wanda ya gaya mini abin da ke faruwa cikin ƙashin yarinyar nan sai da na zo kwalejin nan. Ashe masana sun daɗe da sani. Likita James Herrick ya ba da labarin ƙwayoyin lauje a Amurka tun 1910. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna laifin yana cikin himogulobin kansa, a 1957 kuma Vernon Ingram, a Kambirij ta Ingila, ya nuna zoben da aka musanya. Ilmin ya girmi ubana, amma bai iso ƙauyenmu ba.

Mai karatu zai ce, me ya sa abin ya yi yawa haka a ƙasarmu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa a na haihuwar yara wajen 150,000 da ciwon kowace shekara a Nijeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinsa. Dalili sauro ne. Anthony Allison ya nuna a 1954, a Afirka ta Gabas, cewa wanda ya gaji harafin daga gefe ɗaya kawai, watau mai AS, zazzaɓin cizon sauro bai cika kashe shi yana yaro ba. Garkuwa ce kakanninmu suka bar mana, sai dai wanda ya gaje ta daga uwa da uba duka, ita ce ta ke danne shi.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki, har na kwana ina juya shi, shi ne wannan. Uwarmu ta sha faɗi cewa ƙanwata lafiyayyar jaririya ce, sai da ta kusa wata shida hannuwanta suka fara kumbura. Wata likitar yara a Amurka, Janet Watson, ta lura da irin wannan tun 1948. Ashe ɗan tayi yana da nasa himogulobin dabam, wanda babu sarƙar beta cikinsa, saboda haka ba ya yin tsinke. Bayan haihuwa sai jiki ya rufe wannan shafi a hankali, ya buɗe na manya. Shafin bai yage ba, yana nan cikin ɓargon ƙanwata har yau, an dai kulle shi ne. A 2008 masana a Boston suka nuna mai gadin da ke riƙe da makullin, wani furotin mai suna BCL11A. Watau ƙwaya ba ta karanta littafinta duka. Tana buɗe wani shafi ta rufe wani gwargwadon shekarunta da aikinta, kamar yadda ba mu ba ɗan aji ɗaya littafin aji shida.

Da aka san mai gadi, sai aka nemi yadda za a sallame shi. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka yarda da wani magani, Casgevy. A kan ɗebi iyayen ƙwayoyin jini daga mai ciwon, a yanke wurin da ke ta da mai gadin da wani almakashin DNA da a ke kira CRISPR, sa'an nan a mayar masa. Kuɗin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Na ƙi gaya wa uwarmu wannan lissafi. Akwai kuma tsohuwar ƙwaya, haidiroksiyuriya, wadda ita ma ta ke ƙara himogulobin na tayi, ita ce ta fi kusa da aljihun talaka, ko da ya ke sai likita yana duba jinin mai shanta.

Mu ma nan Abuja ba a zauna ba. A Idu akwai cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD. A shekarun 1990, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, suka karɓi wani haɗi na gargajiya daga Rabaran Paul Ogunyale, suka tace shi suka sa masa suna Niprisan. Abin da ke ciki duk ɗan kasuwa ya san yawancinsu: masoro, da kanumfari, da ganyen dawa, da itacen da Yarabawa su ke kira osun. Gwajin da aka buga a 2001 ya nuna yana rage yawan tashin ciwon, ko da ya ke mutanen da aka gwada ba su da yawa. An ba wani kamfanin Amurka izni, aka ƙaddamar da shi a 2006 da sunan Nicosan, a na yinsa a Sheda, kamfanin kuwa ya karye a 2008. A ganina ba ilmi ne ya kasa a nan ba, riƙon sana'a ne.

Ni kaina AS ne, an gwada ni. Wannan yana nufin akwai tambayar da dole in yi wa duk yarinyar da na ke so tun kafin zance ya yi nisa, ba kuwa tambaya ce mai daɗi ba. Coci-coci da dama suna neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure, Jihar Kano ma ta mai da shi doka a 2024. Amma takarda ba ta koyar da lissafi. Na ji masu cewa, "Ai ɗaya cikin huɗu ne, mu haifi uku mu tsaya." Lokacin da na je gwajin koyarwa sai na kawo jaka biyu aji, kowace da farin wake ɗaya da ja ɗaya, ɗaya jakar uba ɗaya uwa. Yara suka riƙa zaro ɗaya ɗaya ido rufe, suna mayarwa. Wani yaro ya zaro ja biyu sau uku a jere, aji ya ɗauki ihu. Ya dube ni ya ce, "Malam, ashe jakar ba ta tunawa."

A ajin nan akwai wata yarinya mai sikila, wadda rajista ta nuna ta fi kowa fashi. Na roƙi malamin ajin aka ɗauke ta daga bakin taga, aka yarda ta ajiye gorar ruwa a kan benci, ta fita bayan gida ba sai ta nemi izni ba, kuma aka cire ta daga gudun safe. Sanyi yana tsuke jijiya, ƙishirwa tana sa himogulobin ya cunkushe cikin ƙwaya, gudu kuwa yana cinye iska, ukun nan duka suna kiran tsinke. Na kuma rubuta wa iyayenta cewa in jikinta ya yi zafi kada a jira gari ya waye, domin saifar irin waɗannan yara ta kan mutu da wuri, ita ce kuwa mai tace ƙwayoyin cuta daga jini.