Cikin Da Ya Zauna A Bakin Ƙofa

Wannan makon ku yi min afuwa, ci gaban labarinmu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Akwai maganar da ta tsaya min a rai.

A littattafanmu na soyayya, in marubuciya ta so ta gama da muguwar kishiya, sai likita ya fito ya ce, "Sai haƙuri Alhaji, an cire mata mahaifa." Mai karatu ya ce Allah ya ƙara. A zahiri kuwa wannan kalmar ba ta zaɓar mugu.

Ƙanwata da ke aure a Zandam, ƙasar Gwaram, shekararta tara ba ɗa a raye. Ɓari biyu, wankin ciki biyu. Da ta samu na uku, yana wata biyu sai jini ya ɓalle mata, babu ciwon mara ko kaɗan. Tsofaffi suka ce ɓari ne, a jiƙa mata saiwa. Wani mai kemis ya ce a sake wanke ta kawai. Allah ya sa mijin ya ƙi, ya ɗauki shatar mota zuwa asibitin Gwamnatin Tarayya na Birnin Kudu.

Hoton ciki ne ya tona asirin. Cikin bai zauna a ɗakin mahaifa ba, ya gangaro ya maƙale a wuyanta, daf da ƙofa. Likita ta ce a cikin da ke zama a wajen mahaifa ma, irin wannan bai kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma wankin ciki ko tiyatar haihuwa na baya suna ƙara haɗarinsa. Wurin jijiyoyin jini ne, kuma ba shi da ƙarfin naman da zai matse ya tsayar da jini. Da an sa ƙarfe an kankare a makance, da jinin ba zai tsaya ba sai an cire mahaifar. Haka ake yi a da. Sai a 1983 aka fara ba da rahoton magance shi da allurar methotrexate.

Ita aka yi mata a Kano, bayan an tanadi jini. Cikin dai ba mai rayuwa ba ne, wannan ta sha kuka a kansa. "Yaya, ni ce zan kashe shi?" Na ce a'a, ke ake ceto.

Makonni muka yi muna zarya ana auna jininta, har sinadarin cikin ya sauka gaba ɗaya. Kuɗin mota kaɗai ya cinye akuyoyinta biyu. Aka ce kada ta ɗauki wani sai bayan wata uku, kuma da ta ga ɓatan wata ta je hoto da wuri.

Surukarta har yau cewa take zubar mata da jika aka yi. Mahaifar kuwa tana nan. Muna jira.