Aguwar bakin burtali: daga Maraɗi zuwa Dakoro

Daga Maraɗi zuwa Dakoro tafiya ce ta wajen kilomita 120. In mota ta bar Maraɗi sai ta bi ta Tibirin Gobir, sannan ta miƙe arewa. A kan hanya akwai Gulbin Kaba, akwai Sabon Mashi, akwai Kornaka. Na bi wannan hanya cikin bazara, lokacin da manoma ke sassabe suna jiran ruwan shuka.

A wannan lokaci gonaki fili ne. Sai rairai, sai kututturan karan bara, sai gawo da kalgo da sabara nan da can. A cikin gulbi kaba da goriba sun yi yawa. In an ƙara arewa, itatuwa na raguwa, rijiyoyi na ƙara zurfi, har sai da sa ko raƙumi ake jan guga.

Amma akwai icce ɗaya da ba ya rabuwa da matafiyi. Za ka gan shi jere, layi biyu, dama da hagu, da fili a tsakaninsu. Layin ya fito daga gari, ya ratsa gonaki, ya nufi rijiya ko daji. Iccen ba shi da ganye cikin rani. Rassansa masu kauri ne, launin toka, kamar busassu. Wannan icce shi ne aguwa. Filin da ke tsakanin layukan kuwa shi ne burtali, hanyar bisashe.

Mi ya sa burtali ke buƙatar shinge

Ƙasar Dakoro mahaɗa ce. Kudu gonaki ne, arewa wajen kwarin Tarka da gaba ƙasar kiwo ce. Hausawa da Fulani da Buzaye duk suna zaune cikinta. In damana ta faɗi, garkuna na hawa arewa. In kaka ta yi, suna gangarowa kudu. Tafiya da dawowa, dole su ratsa ƙasar noma.

Tun shekarar 1961 doka ta shata iyakar noma daga arewa. Amma mutane sun ƙaru, ƙasa ta gaji, kuma farin 1973 da na 1984 sun tura manoma da yawa neman sabbin gonaki. Gona ta shiga hurumi. Gona ta shiga burtali. Manomi ya ƙara kunya ɗaya bana, ya ƙara ɗaya baɗi. Bayan shekara goma, hanyar da garken shanu ke wucewa a sake ta koma ta jaki ɗaya. Daga nan saniya ta kai baki ga hatsi, sai cacar baki, sai sanda.

Mun san inda abin ke kai mutane. A shekarar 1991, a Toda cikin ƙasar Gidan Rumji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutane fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Allah ya kiyaye mu da sake ganin irin wannan rana.

A shekarar 1993 aka kafa dokar karkara, wadda ta kawo hukumomin kula da filaye da ake kira Kofo. A shekarar 2010 wata doka ta tabbatar da cewa yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne, kuma burtali na kowa da kowa ne, ba a noma shi, ba a sayar da shi. A wurare da dama an kafa turakun siminti don a nuna iyaka. Turakun na da amfani. Sai dai suna da tsada, suna nesa da juna, kuma rairai na iya binne su. Turken siminti ba ya hana akuya wucewa. A nan ne aguwa ke shigowa.

Na lura da abu ɗaya tun daga Kornaka har Dakoro. Inda aguwa ta kama bakin burtali, hanya na nan da faɗinta. Inda babu ita, sai ka ga hanya ta tsuke, wani wuri ma ta ɓace cikin gona. Icce mai saiwa ba a matsar da shi da dare.

Yadda ake dasa ta

A wani ƙauye kusa da Kornaka na tarar da magidanta suna gyaran shingen burtalinsu. Na tsaya na ga aikin daga farko har ƙarshe. Aguwa ba ta buƙatar iri, ba ta buƙatar leda, ba ta buƙatar ban ruwa. Reshe ake sara a kafa. Ga yadda aikin yake.

Na farko, lokaci. Ana dasa aguwa a ƙarshen rani, cikin bazara, kafin ruwa ya sauka. Wannan shi ne babban sirrinta. Jikinta cike yake da ruwa. Da wannan ruwa reshe ke rayuwa har ya fidda saiwa. In aka jira ƙasa ta jiƙe sosai cikin damana, gindin reshen ruɓewa yake yi.

Na biyu, zaɓen reshe. A nemi uwa mai lafiya. A sari reshe da ya ƙosa, mai kaurin babban yatsa ko fiye, mai tsawon kamu ɗaya zuwa biyu, wato santimita 50 zuwa mita 1. A sara da adda mai kaifi, sara ɗaya, kada bakin ya tsattsage. Kada a aske uwar duka. A bar mata rabi don ta sake toho.

Na uku, shan iska. Ba a kafa reshe ranar da aka sare shi. A ajiye shi a inuwa ƴan kwanaki, har nonon ya daina zuba, bakin saran ya bushe. Bakin da ya bushe kamar miki ne da ya warke, ruɓa ba ta shiga.

Na huɗu, kafawa. A tona ɗan rami mai tsawo bisa layin iyaka, zurfinsa taƙi ɗaya ko fiye kaɗan. A jera rassan kusa da kusa, tsakaninsu kada ya wuce taƙi ɗaya. Gindi ƙasa, kai sama. Reshen da aka kafa a juye ba ya kamawa da kyau, don haka tun wurin sara a riƙa tara su kai ɗaya. A mayar da ƙasa, a taka da ƙafa ta riƙe su, kada iskar bazara ta kayar.

Na biyar, tsaro. Aguwa ba ta da ƙaya. Bisashe ba su cika cin ta ba saboda nononta, amma shanu na ture sabon dashe da ƙirji ko su tattake shi. Shekarar farko a jingina masa ƙaya daga gefen burtali. In ruwa ya sauka za a ga ƙananan ganye kore a kan rassan. Wanda bai kama ba, a maye gurbinsa bazara mai zuwa. Kafa ɗaya a cikin shinge ta ishi garken awaki.

Gargaɗi: nonon aguwa mugu ne ga ido. Mai sara ya juya wa iska baya. Kada ya shafi fuska sai ya wanke hannu da sabulu. In nonon ya faɗa ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta da yawa, sannan a je likita. Kada a sa yara wannan aiki.

Kowane reshe da halinsa

Ba aguwa kaɗai ke tashi daga reshe ba. A bakin garake da gidajen Dakoro na ga shingen dashi. Shi ma a ƙarshen rani ake kafa shi, amma da manyan rassa, kusan tsayin mutum. Ya fi aguwa ƙarfi, yana da tsini, sai dai raƙuma da awaki na son ganyensa. Wasu na haɗa su: dashi nan da can kamar turaku, aguwa ta cike tsakani.

Masu fadama kuma sun san rogo da rake da dankali. Su ma ba iri ake shukawa ba, jikinsu ake yanka. Amma su ƙasa mai laima suke so. Kuma dole kowane yanki ya zo da gaɓa mai ido, domin daga idon ne toho ke fita.

Akwai wani fure da ake kira begoniya, wanda masu furanni na manyan biranen duniya ke shukawa cikin tukwane. Wani irinsa na da kara mai gaɓa kamar ƙaramin rake. Asalinsa dazuzzukan ƙasar Brazil ne, masu ruwa da inuwa. Ana yanka kansa, tsawon santimita 10 zuwa 15, mai gaɓa biyu ko uku. A yanka dab da ƙarƙashin gaɓa, a cire ganyen ƙasa, a tsoma gindin cikin ruwa ko rairai mai laima, a ajiye a inuwa. Cikin ƴan makonni saiwa ta fito. In aka shanya shi kamar aguwa, ya mutu. In aka tsoma aguwa cikin ruwa kamar shi, ta ruɓe. Dabarar ɗaya ce, amma kowane icce na bin halin ƙasar da ya fito. Mai dashe ya fara tambayar kansa: wannan ɗan tudu ne ko ɗan fadama?

Wani abu kuma ya shafe su duka. Reshe kan ɗauko halin uwarsa, mai kyau da marar kyau. In uwar rogo na da ciwon da ke murɗe ganye, ɗiyanta ma za su yi shi. Saboda haka a duba uwa kafin a sara.

Abin da manoma ke cewa

Ba kowa ke son aguwa ba. Na ji ƙorafi iri uku. Wasu sun ce shingen na ɓoye macizai da ɓeraye. Wasu sun ce yana cin bakin gona. Wasu sun ce iccen ba ya wuta mai kyau, ba ya ba da ɗiya, ba ya ciyar da dabba.

Duk akwai gaskiya ciki. Amma shingen da ake yi wa aski kowace shekara, ana share gindinsa, ba ya zama gidan maciji. Rassan askin su ne irin sabon dashe. Batun cin gona kuwa, a auna. Layin aguwa na cin wajen kunya ɗaya. Shanun da suka kwana cikin hatsi dare ɗaya na cin damma nawa? Rashin amfaninta ga wuta da dabba ma shi ne ƙarfinta. Da tana ci, da awaki sun gama da ita. Da tana wuta, da an sare ta.

Tana da wani aiki kuma. A tuddan da ke arewa da Kornaka na ga yadda rairai ke taruwa a gindin shinge maimakon ya binne shuka. Tana rage ƙarfin iska, tana tare ganye da ƙura. Don haka ne ake kafa ta bisa tuddan rairai masu tafiya.

Kuma ta fi shingen ƙaya sauƙi ga daji. Shingen ƙaya sai an sare magarya da aduwa da farar ƙaya kowace shekara, gara ta ci, mata su kwashe saura su hura wuta. Aguwa sau ɗaya ake wahalarta.

Kafin a ɗauki adda

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, shinge ba ya gyara iyakar da ba a yarda da ita ba. In manomi ya kafa aguwa cikin burtali, ya dasa rigima mai saiwa. Saboda haka magana ce farko, sara daga baya.

A zauna da maigari, da harɗon Fulani, da shugaban Buzaye in akwai, da ƴan Kofo, da dattawan da suka san inda hanya take tun da. A bi burtalin da ƙafa tare. A auna faɗinsa yadda garke zai wuce ba matsi. A bar wurin hutawa da hanyar zuwa mashaya. A rubuta abin da aka shirya, kowa ya sa hannu, a ajiye takarda wurin maigari da wurin Kofo. Inda akwai turakun siminti, a bi layinsu daidai.

Bayan haka sai a raba aiki. Kowane mai gona ya kafa gefen da ya yi iyaka da shi. Inda ba gonar kowa, a yi gayya. Makiyaya su taimaka da amalanke ko raƙumi wajen ɗaukar rassa, kuma su ja wa yaransu kunne kada garke ya ture sabon dashe.

Wanda ke son shingensa ya kama bana, ya duba inda zai samo rassa tun yanzu, ya nemi izinin mai su. In hadarin farko ya fara haɗuwa daga gabas, ya kamata a ce aguwa ta riga ta shiga ƙasa.